Canki-canka ko zaɓe: wanne ya fi adalci a tsohuwar Atina?

Malam Habu: Ina nan kan bakana: a wajen adalci, zaɓe bai kai canki-canka ba. Mutanen Atina ta ƙasar Girka sun gano abin da ya gagari duniya: yawancin muƙamai ba zaɓe suke yi ba, ƙuri'a suke fitarwa, ta asali, wato canki-canka. Majalisar mutum 500 da ɗan siyasa Kilistinis ya kafa wajen 508 kafin Miladiyya haka ake cike ta, 50 daga kowace ƙabila cikin goma, shekara guda su sauka. Mai kuɗi wa zai saya?

Hajiya Binta: Malam, sunan wa ake sakawa a ƙuri'ar? Babu mace, babu bawa, babu baƙo ko da a garin aka yanke masa cibiya. A 451 kafin Miladiyya ma Ferikilis, wani jagoran Atina, ya kawo doka, sai wanda uwa da uba duk 'yan Atina ne. Rabon 'yan gida ɗaya ne wannan.

Malam Habu: Gaskiya ne Hajiya, ban musa ba. Amma wannan laifin masu ƙofa ne, ba na ƙuri'a ba.

Aminu: Allah gafarta Malam, su kansu ba su saki jiki da ita ba. Kwamandojin yaƙi goma zaɓensu ake yi duk shekara, shi ya sa Ferikilis ya yi ta dawowa. Da an zo inda rai zai salwanta, sai a nemi gwani.

Malam Habu: Ai wanda ƙuri'a ta faɗa wa ma sai an tantance shi kafin ya hau, in ya sauka kuma a binciki yadda ya riƙe amana.

Baba Tanko: Ku bar wannan, yara. A 406, bayan nasarar yaƙin ruwa na Arginuse, an kashe kwamandoji shida saboda ba a ceto waɗanda jiragensu suka nutse ba. Hukunci ɗaya aka yi musu a dunƙule, cikin fushi. Ina adalcin?

Malam Habu: Baba, ka taimake ni ba ka sani ba! Babban taron 'yan ƙasa ne ya yi wannan, wanda kowane baligin namiji ɗan ƙasa ke iya halarta. Wanda ya tsaya kai da fata cewa an saɓa doka kuwa masanin falsafa Sokiratis ne, kuma ƙuri'a ce ta kai shi majalisa.

Hajiya Binta: To su wa suka yanke wa Sokiratis hukuncin kisa a 399? Masu shari'a wajen 500. Da me aka fitar da su?

Aminu: Malam ya yi shiru.

Malam Habu: Alwala na je. Da ƙuri'a ne, na yarda. Amma Hajiya, da zaɓaɓɓu ne, wa ya ce miki za su sake shi?

Hajiya Binta: Ban ce ba. Kai ne ka ce ta fi.