Neman kalma: me za mu kira "xeriscape" da Hausa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum malamaina. Gobe da safe za a naɗi shirinmu na rediyo kan tsara lambun ƙawa a ƙasashen da ruwan sama bai wadata ba kuma sanyinsu ba ya tsanani, irin gaɓar Bahar Rum, Kalifoniya, tsakiyar Chile, yankin Kef na Afirka ta Kudu da kudu maso yammacin Ostireliya. Kalma ɗaya ta gagare ni: xeriscape. An ƙirƙiro ta ne a 1981 a birnin Denver na Amurka, lokacin da hukumar ruwan birnin ke neman mutane su rage ruwan da suke zuba wa ciyawar ado. Sashen farko na kalmar daga Girkanci yake, yana nufin busasshe. Na rubuta "lambun fari" amma raina bai kwanta ba.

Ɗan Nahawu: Wa alaikumus salam. Cire shi, Malama. A rubuce babu mai sanin farin launi ne, ko farin farawa, ko farin rashin ruwa. Ko an furta daidai, fari masifa ce, wa zai so lambun masifa a ƙofar gidansa? Gwada "lambun rani".

Mai Lambu: A'a Malam, wannan ya juya maganar. Wanda ya ji rani, noman rani zai tuna, shi kuwa ban-ruwa ne zalla. Abin da ake nufi a nan lambu ne da ya san ruwan saman ƙasarsa ya kuma yarda da shi. A waɗancan wurare ruwa da sanyi yake zuwa, lokacin zafi ko ɗigo. Shi ya sa ake dasawa a farkon saukar ruwan, domin saiwa ta nutse kafin zafi ya shigo. Ana haɗa masu yawan ƙishi wuri guda kusa da gida, masu haƙuri irin zaitun, rumman da ɓaure a tura su nesa. A rufe ƙasa da tsakuwa ko ɓawon itace don kada rana ta tsotse laima. Shekarar farko ko ta biyu ana ba su ruwa sosai amma jefi-jefi, saboda yayyafi kullum saiwa yake hanawa sauka. Kalmar da ba ta ɗauki wannan tunani ba ba ta yi aiki ba.

Baba Dattijo: To ga ta nan: lambun jurau. Muna da gagarau, muna da mantau, jurau kuwa mai jurewa ne. Gajeriya, ta Hausa tsantsa, kuma tana da daɗi a baki.

Yayar Ɗalibai: Ni dai da "zeriskef" zan tafi, a bayyana sau ɗaya a wuce. Ɗalibi in ya je nema a intanet zai gane asalinta.

Baba Dattijo: Haba 'yata! Kullum sai mu miƙa hannu mu ara? Su da kansu sai a 1981 suka zauna suka ƙera ta daga tsohon harshen wasu. Me ya hana mu ƙera tamu? Wannan raina kai shi ke kashe harshe.

Yayar Ɗalibai: Allah ya ba ka haƙuri Baba, amma mota da rediyo da kwamfuta ba su kashe Hausa ba. Harshe mai ƙarfi ne yake haɗiye baƙuwar kalma ta zama tasa.

Ɗan Nahawu: Aro ba laifi ba ne, sai dai wannan kalmar ko a gidansu tana ba da wahala. Turawa da yawa suna jin ta kamar daga "zero" ta fito, watau sifiri, sai su ɗauka fili ne na duwatsu babu tsiro. Kada mu aro kalma tare da cutarta. Jurau kuma, Baba, da girmamawa, ya fi kama da laƙabin mutum. Mai sauraro zai tambaya wane ne Jurau ɗin da ya mallaki lambun.

Baba Dattijo: Sau uku za a faɗa kunne ya saba. Kowace kalma baƙuwa ce ranar da aka haife ta.

Mai Lambu: Abin da ya dame ni da juriya shi ne tana nuna tsiron yana shan wuya. Ba haka ba ne. Ku dubi lambun tsakuwa da wata masaniyar lambu, Beth Chatto, ta dasa a 1992 a Essex ta Ingila, a filin da a da ake ajiye motoci. Ba a yi masa ban-ruwa, kuma cike yake da furanni, domin ta zaɓi tsirrai da irin wurin ya dace da su. Wanda ke shan wuya shi ne shimfiɗar ciyawar da aka kawo daga ƙasar ruwa aka tilasta mata zama a busasshiyar ƙasa. Har ta kai jihar Nebada ta Amurka ta yi doka a 2021 ta hana irin ciyawar adon da babu mai takawa a yankin Las Vegas. Ni "lambun tattalin ruwa" nake gani. Tattali ya ƙunshi kulawa da kuma rashin ɓarna.

Baba Dattijo: Wannan ai bayani ne, ba suna ba.

Mai Fassara: Na gode ƙwarai, lokaci ya ƙure. Zan ambaci kalmar Turancin sau ɗaya a farko, sauran shirin in ce "lambun tattalin ruwa". Tsirran kuma zan kira su "masu jure fari", Baba, ka ga jurewarka ta shiga.

Baba Dattijo: Ta shiga ta taga. Ba zan hana ki ba tunda gobe ne, amma ban janye jurau ba.

Ɗan Nahawu: Saura sunan aikin kansa, da na mai yin sa. "Mai tsara lambun tattalin ruwa" ya yi tsawo a rediyo. Wa ke da shawara?