Neman shawara: zafin jiki ya hana ni barci, in karɓi maganin homon ko in tsaya a na gargajiya?

Wata 'yar uwa ce daga Ƙofar Ƙaura ta turo, ta ce a sakaya sunanta.

Assalamu alaikum. Shekaruna 49, 'ya'yana bakwai. Al'adata ta yi shekara biyu tana wasa, yau ta zo gobe ta ɓace, daga baya ta ɗauke gaba ɗaya, yau wata 14 ke nan. Ɗaukewar ba ta dame ni ba, ko banza na huta da ramuwar azumi. Zafi ne ya addabe ni. Ina zaune lafiya lau sai in ji kamar an hura gawayi a ƙirjina, ya hau wuya ya hau fuska, gumi ya karyo. A hunturun bana kowa na cikin bargo, ni ina tsakar gida da ɗaurin ƙirji ina fifita da faifai. Ga saurin fushi. Kwanciyar aure kuma ta zama azaba saboda bushewa, har maigidan ya fara zargin gudunsa nake.

Ƙanwata ta ce akwai maganin homon, wato na sinadaran jikin mace, a asibiti. Maƙwabciyata ta ce cutar kansa (daji) yake sawa, ta kawo mini wani gari a leda daga wajen mai maganin mata. Na yi kwana goma ina sha a kunu, zafin yana nan, sai dai makon jiya na ga ɗan jini na kwana biyu, na ce ko al'adar ce maganin ya dawo da ita. Wanne zan bi?

Maman Khalifa: Allah ya ba ki lafiya Yaya. Ni awara da madarar waken suya na lizimta, na bar shayi mai citta da yaji da daddare, na koma kwana da zanen atamfa maimakon rigar roba. Bai tafi duka ba, amma ina samun barci.

Hajiya Babba, Daura: Ke yarinya, mu haƙuri muka yi har ya wuce. Ki riƙa cin zogale da riɗi, ki sha kindirmo, ki yi tafiyar ƙafa da hantsi.

Anti Nas: 'Yar uwa, kafin maganar homon, jinin nan da kika ambata a ƙarshe kamar ba komai ba, shi ne babba. Mace in ta cika wata 12 cur ba ta ga al'ada ba, ta ɗauke ke nan, duk jinin da ya biyo baya sai likita ya duba. Sau da yawa bushewar gaba ce ke jawo shi, fatar ta yi laushi ta tsage, amma yana iya zama alamar ciwo a cikin mahaifa, kuma babu likitan kirki da zai rubuta miki homon bai gano dalilinsa ba. Ki je ɓangaren mata na Asibitin Koyarwa na Tarayya a nan Katsina, a yi miki hoton mahaifa. Ki tafi da ledar garin nan, ki dakatar da sha.

Shi kuwa maganin, sinadarin mata ne mai suna istirojin da jiki ya rage samarwa ake mayar miki, kuma babu abin da ya kai shi kwantar da wannan zafin da gumin dare. Mai mahaifa dole a haɗa mata da wani sinadarin mai suna firojestaron, don istirojin shi kaɗai yana kaurara bangon mahaifa har ya iya kaiwa ga cutar kansa. Maganar maƙwabciyarki tana da tushe: a 2002 aka dakatar da wani babban bincike a Amurka bayan an ga ƙaruwar kansar mama da daskarewar jini a masu shan haɗin. Sai dai akasarin matan sun haura 60. Da aka sake duba sakamakon, an ga wadda ba ta kai 60 ba, kuma ba ta shekara 10 da ɗaukewar al'ada ba, amfaninsa ya fi haɗarinsa in lafiyarta ƙalau. Wadda ta taɓa kansar mama, ko gudan jini a jijiya, ko shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon hanta, ba a ba ta. In kina da hawan jini ki faɗa, a fara daidaita shi.

Bushewar ma tana da nata: akwai man istirojin da ake sawa a gaba, kaɗan ne ƙwarai ke shiga jini. Waken suya yana ɗauke da sinadari mai kama da istirojin amma mai rauni, wasu ya rage musu, wasu ko gezau. Zogale da kindirmon da Hajiya ta ambata kuma ƙashi suke taimaka wa, don bayan ɗaukewar al'ada ƙashin mace yana saurin yin rauni.

Ummu Hanifa: Ni an cire mini mahaifa da ƙwayayen haihuwa ina shekara 44, istirojin kaɗai aka ba ni, na filasta. A ƙasan cibiya nake mannawa, ina canzawa sau biyu a mako. Likitata ta ce na fata bai kai ƙwaya haɗarin daskarewar jini ba. Cikin sati uku na daina jiƙa matashi. Matsalarsa tsada da wuyar samu, wani lokaci sai an saƙo mini daga Kano, ga zafin watan Afrilu yana ɓanɓare shi. Kada dai ki saya a kemis da kanki don ya yi wa wata.

Maman Khalifa: Ki zaunar da maigidan ki yi masa bayani. Nawa sai da likita ya faɗa da bakinsa ya yarda ba raini ba ne.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya saka. Wallahi jinin nan har murna na yi da shi. Anti, yayar mahaifiyata kansar mama ce ajalinta, shi ma in faɗa?

Anti Nas: Ki faɗa, har da shekarunta lokacin da ta kamu. Ki rubuta ranar da kika ga jinin, ki yi sammako ranar Litinin kafin layin kati ya yi tsawo.