Karon farko zan kwana a jirgin ƙasa da motata a ciki, me ya kamata in shirya?

Baban_Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah wanda ya taɓa shiga Auto Train ɗin nan na Amtrak, kamfanin jirgin ƙasa na Amurka, ya taimaka min da shawara, wanda yake tashi daga Lorton a jihar Virginia ya sauka Sanford a Florida. Muna Maryland ne, kuma hutun Disamba muke so mu je Orlando, ni da maiɗakina da yara biyu sai Hajiyata da ta zo mana ziyara daga gida. Da farko na ce tuƙawa zan yi kawai in bi babban titin I-95, to Hajiya tana fama da ciwon gwiwa kuma ni kaina in na tuna awa 12 ko 13 a kan sitiyari ga yara suna "mun kusa? mun kusa?" sai jikina ya yi sanyi, jirgin sama kuma tikitin mutum biyar ga hayar mota in an sauka, lissafin ya ƙi fita. Shi ne wani abokin aiki ya ce min ai akwai jirgin da ake loda mota a ciki a kwana ana tafiya.

Ni dai rabona da jirgin ƙasa tun na Rigasa zuwa Idu, shi ma awa biyu da wani abu ne ba kwana ba. Abin da nake son sani: ƙarfe nawa ya kamata mu isa tasha, kujera zan kama ko ɗaki, ana iya zuwa wajen motar a ɗauko abu in ana tafiya? Sannan ya ake yi da sallah da abinci? Na gode.

Dattijon_Bowie:
Wa alaikumus salam ƙanena. Na shige shi sau uku, bari in fara da tambayarka ta uku don ita ce take kayar da baƙo. A'a. Daga lokacin da ka miƙa makulli kai da motar sai gobe da safe. Motocin a wasu taragu na daban suke, rufaffu, a bayan na fasinja, babu hanya daga wajenku zuwa can kuma ba wanda zai buɗe maka ko wane irin uzuri ka kawo. Tafiyata ta farko na bar maganin hawan jinina a aljihun gaban mota, sai da muka wuce Richmond na tuna, wallahi daren nan ban yi barcin kirki ba, ba don jirgin ba, don tunani. Laifina ne ba na kowa ba, an faɗa mana a bakin ƙofa ina ta waya ban saurara ba.

Saboda haka tun a gida ku haɗa ƙaramar jaka ɗaya ta kwana, kar ku bari sai a tasha ku fara zazzage but ana jiranku a layi. Maganin Hajiya shi ne farko, na dare da na safe, har da man shafawar gwiwar in tana da shi. Sai caja, buroshi, kayan canji na yara, sallaya, silifas. Sauran akwatuna duk ku bar su a mota, ai amfanin jirgin kenan, motar ita ce akwatinka, ka cika ta yadda kake so babu mai auna maka kilo. Kuɗi da fasfo da kwamfuta dai su kasance a hannunka.

Maganar lokaci, jirgin ƙarfe 5 na yamma yake tashi amma kar wannan ya ruɗe ka, ƙarfe 3 suke daina karɓar mota saboda lodin yana cin lokaci, in ka zo 3 da wani abu to ka yi ta kallon jirginka a tsaye ba za ka shiga ba, kuma sau ɗaya ne a rana. Ka sake duba lokacin da ke jikin tikitinka. Ni shawarata ku isa wajen ƙarfe 1. Kai da kake Maryland ka san halin cunkoson Beltway, titin da ya zagaye Washington, da gadar Woodrow Wilson da wajen Springfield, tafiyar minti 40 sai ta koma awa biyu babu dalili, balle ranar Juma'a ko dab da Kirsimeti. Kuma wanda ya zo da wuri shi yake zaɓar lokacin cin abincin dare da ya ga dama, wanda ya makara sai abin da ya rage, kai kuma da yara ba ka son na can dare.

In ka iso za su manna wa motar lamba, su zagaya ta da kyamara su ɗauki yadda take, ka sauke gilashin direba ka bar makulli a ciki, ma'aikatansu ne suke tuƙa ta su shigar. Ka riƙe lambar nan a ka ko ka ɗauke ta a waya, da ita za a kira ka a Sanford.

Maman_Ilham:
Baban Khalifa sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri da hidimar Hajiya. Ni bari in yi magana ta ɓangaren mata da yara tunda Alhaji ya gama da mota.

Indai aljihu zai ɗauka ka kama wa Hajiya ɗaki, kuma ka ce na ƙasa. Taragun nan bene ne hawa biyu, matattakalar siririya ce ga lanƙwasa, kuma in za ka wuce daga tarago zuwa tarago ta sama ake bi, to mai ciwon gwiwa jirgi yana jijjiga gaskiya wahala ce. In tana ƙasa ga banɗaki kusa ga wajen wanka, abinci ma in ka yi wa mai kula da taragon magana zai kawo mata har ɗaki ba sai ta hau ba. Ƙaramin ɗakin da suke ce wa roomette na mutum biyu ne, kujeru biyu suna kallon juna da dare a mai da su gado ɗaya ƙasa ɗaya sama, amma fa kar ka sa rai da faɗi, in an shimfiɗa gadon ko wajen juyawa da kyar, ba shi da banɗaki a ciki. Akwai na iyali shi ma a ƙasa yake, manya biyu yara biyu, shi ne yake saurin ƙarewa saboda ba su da yawa. Da ni ce sai in sa maman yara da Hajiya da yaran a na iyalin in sun samu, kai kuma ka yi maneji a kujera, ai namiji ne lol.

Kujerar ma ba laifi tana kwantawa sosai akwai wajen miƙe ƙafa da soket, sai dai sanyin AC, wayyo, ku zo da bargo da safa ko da rani ne balle Disamba.

Abinci kuma masu ɗaki kuɗin na dare yana cikin tikiti, masu kujera saya suke yi a wajen sayar da abinci na cikin jirgin tun 2020 da aka canza tsarin, na safe ne kowa yake samu kuma shi ma ba wani abu ba ne mai nauyi, su burodi da ayaba da kofi ne. Mu dai kifi muke zaɓa ko na ganye mu kauce wa nama. Amma kar ka dogara da wannan wajen Hajiya, tsofaffinmu ba sa gane wa cimar nan, za ta taɓa ta ce ta ƙoshi alhali da yunwa za ta kwana. Ku yo dambun nama ko soyayyar kaza, cincin, dabino, shayi a filas da kayan ƙamshinsa. Ba mai hana ku ci a ɗakinku.

Abu na ƙarshe wanda ba wanda zai faɗa maka sai namu: buta. Babu. Ku taho da gorar ruwa da ba komai a ciki a matsayin buta, kuma banɗakin ƙarami ne, in an yi alwala a goge ƙasa da tishu kafin a fito saboda masu shigowa.

Sadauki_VA:
Ni gaskiya ban ga abin zumuɗi ba. Mil 855 ne fa, jirgin awa 17 yake yi, ka ƙara awa 3 ko 4 na zaman tasha da jiran mota in an sauka, kusan kwana guda cur kenan. Ni in na tashi da asuba daga Woodbridge kafin sha ɗayan dare ina Orlando. Kuma a Disamba zuwa kudu lokacin tsada ne, lokacin ne tsofaffin Turawan da suke gudun sanyi suke kwarara Florida da motocinsu, ga kuɗin mutum daban na mota daban. Ka yi lissafi da kyau Malam kafin ka biya.

Dattijon_Bowie:
Sadauki kai gwauro ne shi ya sa, ka ɗauki tsohuwa da yara biyu ka yi tuƙin nan sannan ka dawo mu yi magana. Amma maganar tsada gaskiyarka ce, Baban Khalifa in ka yanke shawara ka saya yanzu, farashin hawa yake yadda wuri yake cika, kuma ka gwada tsakiyar mako.

Na manta sallah. Mu abin da muke yi, Azahar da La'asar mu haɗa su a tasha kafin a kira shiga, ka samu lungu ko waje ka shimfiɗa sallayarka ba mai ce maka komai. Magariba da Isha da Asuba a ciki za su same ku. Jirgin sau ɗaya yake tsayawa na ƙa'ida, a Florence ta South Carolina cikin dare, canjin ma'aikata ne da shan mai, ba tashar sauka ba ce, kar ka ce za ka jira can ka yi a ƙasa. Alƙibla kuma layin yana ta lanƙwasa, ka duba a waya ka fuskanta lokacin kabbara, yadda za a yi da tsayuwa ko zama kuwa ka tambayi malaminku tun kafin tafiya, ni ba zan ba da fatawa ba.

Sai sauka. Wajen ƙarfe 10 na safe ake isa, amma layin dogon na kamfanin jiragen kaya ne, CSX, wani lokaci a tsaya a ba su hanya, saboda haka kar ka sa wani alƙawari mai muhimmanci da safiyar ranar. In an sauka kowa ya zauna a ɗakin jira ana kiran lamba a lasifika, kuma ba wai wanda ya fara zuwa shi zai fara fita ba, kana iya samun taka cikin minti 15 kana iya wuce awa guda. Akwai ƙarin kuɗi da ake biya motarka ta fito cikin na farko, in ni kaɗai ne ba na biya amma ranar da na tafi da iyali na biya kuma ban yi da-na-sani ba. Daga Sanford zuwa Orlando kamar rabin awa ne zuwa minti 45, E-ZPass ɗinka na biyan kuɗin titi yana aiki a can, ka bar shi a gilashi.

Baban_Khalifa:
Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Alhaji maganar magani ta shige ni, yanzun nan na rubuta a takarda na manna a firij. Maman Ilham na duba na iyalin ya ƙare a ranar da muke so, roomette biyu zan kama a ƙasa, ni in kwana a kujera kamar yadda kika yanke min hukunci. Sadauki na ji, a dawowa ƙila in gwada tuƙin mu kwana a hanya in ga bambanci.

Saura tambaya ɗaya, Sienna ce motar kuma na ɗora mata akwatin nan na saman rufi, za su karɓe ta a haka?

Dattijon_Bowie:
Cire shi tun a gida. Tsayin mota daga ƙasa zuwa sama ba a yarda ya wuce inci 85 ba, kuma a tasha ba wajen kwance kusoshi ba ne ga Hajiya a zaune tana jira. Kayan ku tura a but, in ya ƙi shiga a rage. Ka kashe alam ɗin motar ma, in jijjiga ta tayar da shi cikin dare ba mai kashe maka, sai ka tarar da batir ya mutu da safe.