Wace kalma ta dace da mai jan wani zuwa ga ɓata?

A wani zama da malaman Hausa suka yi a Gusau, an tattauna kalmar da ta fi dacewa da mutumin da ke ƙawata wa wani mugun abu har ya faɗa cikinsa. Mafi yawansu sun zaɓi "ruɗi", domin wanda aka ruɗa yakan tafi da ƙafarsa yana ganin alheri ya nufa, kamar yaron da aka nuna wa sabon babur da waya, ya bar makaranta ya tafi haƙar zinari a Bagega. Shi ya sa ake cewa ruɗin Shaiɗan da ruɗin duniya.

Sun ja hankali kada a haɗa shi da "yaudara", wadda ke buƙatar ƙarya da cin amana. "Zuga" kuwa tana hura wutar fushi ko girman kai da ke zuciyar mutum tun farko, kuma a nan ne karin maganar "ingiza mai kantu ruwa" ke shiga, tunda kantu dunƙulen gishiri ne, gishiri kuwa ba ya shiga ruwa ya fito.

Wani dattijo ya ƙara da "hure kunne", wanda a ganina ya fi kowanne taɓa zuciya, saboda iyaye ne suka fi furta shi idan 'yarsu ta daina jin maganarsu.