An ce in shuka iri maigidana ya ga ɗaukakar Allah, in je ko in bari?

Maman Rifkatu: Salama 'yan'uwa cikin Ubangiji. Shawara nake nema kafin Jumma'a. Maigidana ya sami shanyewar ɓarin jiki tun bayan Kirsimati. Yana shan maganin hawan jini, muna kai shi gashi asibiti, hannun dama ne har yanzu shiru. Wannan watan na kwashi adashi, dubu 120. Maƙwabciyata ta ja ni wani taro a unguwarmu nan Kaduna. Mai wa'azin ya buɗe Yahaya 17:22, inda Yesu ya ce ɗaukakar da Uba ya ba shi ya ba mu. Ya ce tunda haka ne ciwo ba shi da mazauni a jikin mai bi, wanda bai warke ba bangaskiyarsa ce ba ta kai ba. Daren ƙarshe masu shuka iri, wato masu ba da kuɗi dubu 100, za su fito gaba a shafa musu mai. Ba cocina zan bari ba, a nan aka yi mini baftisma. Abin da nake tambaya: ɗaukakar nan da aka ce muna da rabo a ciki, ta yanzu ce ko ta can? Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya faɗa mini abin da ya gani.

Dogo Kagoro: Mama, ki kai shi asibiti kawai. Kada kuma ki bar cocinki.

Talatu Z.: Dogo, ka karanta kuwa, ko layin farko ka gani ka fara rubutu?

Malam Ishaku: Mama, sannu da jinya. Ki koma ayar, ki karanta ta har ƙarshe. Yesu ya faɗi dalilin da ya ba da ɗaukakar: domin almajiransa su zama ɗaya. A daren da za a kama shi ya yi wannan addu'a, gicciye na gabansa. Ki duba Romawa 5:2, ta bangaskiya muka shiga alherin da muke tsaye a ciki, muna sa zuciya ga ɗaukakar Allah. A 8:17 Bulus ya ce mu magāda ne tare da Almasihu, in mun sha wuya tare da shi za a ɗaukaka mu tare da shi. Ayoyi kaɗan gaba ya ce muna nishi, muna jiran fansar jikinmu. Amsar tambayarki duka biyun ne. Ta fara yanzu, Ruhu yana sāke mu zuwa kamannin Almasihu (2 Korantiyawa 3:18). Ta jiki kuwa sai ranar da ya dawo (Filibiyawa 3:21). Allah yana warkarwa yau, ban musa ba. Amma Bulus da kansa ya bar Tarofimas da rashin lafiya a Militas. Shi ma bangaskiyarsa ce ba ta kai ba?

Ɗan Alkawari: Ga 'yan makarantar tauhidi nan sun iso. Malam, ni na shuka iri lokacin da ba ni da aiki, ban rufe wata ba aka kira ni. Me Yesu ya ce wa Marta a kabarin Li'azaru? In kin ba da gaskiya za ki ga ɗaukakar Allah. A ranar ta gani, ba a ce ta jira ƙarshen duniya ba.

Malam Ishaku: Ta gani. Nawa ta biya?

Saratu B.: Ban so in yi magana ba, amma ba zan iya shiru ba. Mahaifiyata kansar mama ta yi. Mun fara magani a asibiti, tana amai, gashinta ya zube, ta karaya. Sai aka kai mu wurin wani mutumin Allah. Magana iri ɗaya da wadda aka faɗa miki, Anti, har ayar. Na sayar da keken ɗinkina, ƙanena ya sayar da babur ɗin da yake acaɓa da shi. Ambulan uku suke rabawa, launi daban-daban, mu muka ɗauki mai ruwan zinariya don ita ce ta "buɗe sama". Aka ba mu mai a 'yar kwalba, an manna hoton mutumin a kan takardar kamfanin, in ka ɗaga ta a haske kana ganin rubutun asali a ƙasa. Ya ce wa Mama mai bangaskiya ba ya riƙe Allah da hannu ɗaya, ƙwaya da ɗaya hannun. Ta daina zuwa asibiti. Lokacin da muka mai da ita likita ya dube mu kawai, bai ce komai ba.

Saratu B.: Mutuwar ma ba ita ta fi ci mini rai ba. Satinta na ƙarshe Mama ba ta kukan ciwo, kukan zunubi take yi. Tana tambayata wane laifi ta yi da Allah ya ƙi ta. Matar da ta yi shekaru tana jan waƙa a zumuntar mata! Da na kira mutumin ya ce akwai mai shakka a gidanmu. Ƙanena har yau bai sake taka ƙofar coci ba.

Talatu Z.: Wayyo Saratu. Ubangiji ya ta'azantar da ku.

Ɗan Alkawari: Allah ya ba da haƙuri, 'yar'uwa. Amma wannan ɗan damfara kuka haɗu da shi, kada a yi mana kuɗin goro.

Saratu B.: Shi ma kafin ranar masu shaida irin taka ne suka cika gabansa. Waɗanda suka binne nasu ba a ba su makirfo.

Bulus Mai Shago: Dubu 100 ma? Abin ya hau. A wajenmu dubu 20 ne layin gaba. Ashe ɗaukaka ma tana bin farashin dala.

Ladi: Kai Bulus, ana kuka kana raha. Mama, man zaitun ɗin nan dubu 3 na saya a kanti. Kuɗin ki ajiye wa gashi, mu dubu 3 muke biya duk zuwa lokacin ciwon babana.

Dogo Kagoro: Dubu 3 a wace shekara? Mu dubu 10 mai zuwa gida yake karɓa, ban da kuɗin mota. Man kuma ya wuce dubu 5 yanzu.

Bulus Mai Shago: Ni nake sayar da man, ku daina gardama. Akwai babba akwai ƙarami. Nawa dai ba a yi masa addu'a ba, shi ya sa yake da sauƙi.

Ɗan Alkawari: Ni abin da ban gane ba, Ishaku da ba a ko naɗa shi ba, yana makarantar tauhidi a Bukuru yana rubuta jarrabawa, shi zai yi wa shafaffen Allah gyara?

Baba Dattijo: Ɗana, sassauta. Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki da Hausa, ba sai an naɗa mutum zai buɗe ya karanta ba. Ni ɗan cocin EYN ne, Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, daga Adamawa. A Janairun 2020 'yan Boko Haram suka kama Rabaran Lawan Andimi, shugaban ƙungiyar Kiristocin Najeriya (CAN) na Michika. Duk mun ga bidiyonsa, yana hannunsu yana magana a natse, yana miƙa kome ga Allah. An yi azumi, an yi addu'a, suka kashe shi. Waye a cikinku zai tsaya ya ce bangaskiyarsa ce ta gaza? Istifanas ya ga ɗaukakar Allah, bayan nan aka jajjefe shi. 'Yata Maman Rifkatu, Saminu mai sihiri ya taɓa miƙa wa Bitrus kuɗi don baiwar Allah, ki karanta amsar da ya samu a Ayyukan Manzanni 8. In mai kike so, Yakubu 5:14 ya ce a kira dattawan ikkilisiya su yi addu'a su shafa. Kyauta ne.

Maman Rifkatu: Na gode Baba, na gode Malam. Saratu, na karanta naki na kasa cin abinci. Amma Baba, dattawan namu tun farkon ciwon da suka leƙo ba su sake dawowa ba. Maƙwabciyar nan kuwa kullum tana gidana, har wanki take taya ni. Da wane baki zan ce mata ba zan je ba?

Talatu Z.: To, kun ji inda gizo ke saƙar. Muna zagin waɗancan, mu me muke yi? Da maigidanta mai kuɗi ne da tabarma ba ta ishi masu gaisuwa ba.

Ladi: Amma takardar kuɗin gini ba ta ɓatan hanya. Ina kwance asibiti aka aiko mini da tawa. Ga kuɗin taron gunduma, ga na sallamar fasto, ga ankon zumunta duk shekara.

Baba Dattijo: Ladi, baiko da gudummawa daban, sayar da albarka daban. Kada ki haɗa.

Ladi: Baba, da girmanka, ranar da ake kiran sunaye a gaban jama'a ana faɗin abin da kowa ya bayar, wanda ba shi da shi kansa a ƙasa yake. Wannan me sunansa?

Dogo Kagoro: Mu ankonmu na bana dubu 9 ne.

Talatu Z.: Dubu 12, Dogo. Kai da ba ka ɗaura zane, tambayi matarka. Kuma an ce wadda ba ta saya ba ba za ta shiga layin waƙa ranar taro ba.

Ɗan Alkawari: Aha! Ashe ku ma kuna da layin gaba.