Abin da makanikai suka ce kan mota mai gargada

An tattauna a wata fada ta Sabon Gari, nan Damagaram, kan injin da ke karkarwa a tsaye yana shan mai fiye da kima. Galibin makanikan sun yarda cewa kada a yi saurin sayen sabon sansa, wato ɗan abin da ke auna yanayin inji ya sanar da kwamfutar mota, don kawai fitilar inji ta kama. A fara da buji da wayoyinsu, sannan matatar iska, wadda ƙurar hunturu ke cikawa kafin mai mota ya ankara.

Inda aka fi daɗewa shi ne na'urar OBD2, wadda ake jonawa a mota ta nuna lambar matsalar da kwamfutar motar ta gano. Motocin fetur na Turai daga 2001, na Amurka kuwa tun 1996, suna da wurin jona ta ƙarƙashin sitiyari. Lambar P0300 na nufin silinda suna ɓata wuta, P0171 kuma iska ta rinjayi mai. Wani dattijon makanike ya ja kunne cewa lamba hanya take nunawa kawai. P0171 sau da yawa tiyo ne ya tsage yana zuƙar iska, ko sansan auna iska ya yi datti. A fesa wa sansan maganin wanke shi, kada a taɓa siririyar wayarsa da hannu. Ni ma nan na tsaya.

An taɓo man kwalba na bakin titi, wanda ruwa ko yashi ke iya shiga, ya toshe injekta, mai fesa mai cikin inji. Motar da ke mutuwa in ta yi zafi, ta tashi bayan ta huce, a duba sansan kiranshaf, mai auna juyawar inji.