Gadar Lugga ta hana zaure barci

Baban Halifa: Jama'a, raina a ɓace yake. Ranar yawon sallah na kwashi yara zuwa Ƙofar Gamji, wurin shaƙatawar nan na Kaduna. Ɗan ƙanwata, saurayi guda, ya hau gadar Lugga, hannu a ƙugu, ana ta ɗaukarsa hoto. Na ce wace gada ce wannan? Wai "ta masu hoton biki ce, Kawu." Lilo da askirim kawai ke kai yaran nan wurin, gadonmu kuwa ko oho.

Malam na Kabala: Gadon wa? Alhaji, gyara zancenka. Gadar da Bature, Gwamna Lugga, ya kafa a Zungeru ta jihar Neja a 1904, mutumin da ya ci Kano da Sakkwato da yaƙi a 1903, ita ce gadonka?

Baban Halifa: Malam, ni maganar yara nake yi.

Malam na Kabala: Gado dai ka ce. Gado daga uba ake cinsa.

Hajiyar Unguwar Rimi: To ai ko gidan haya ka daɗe a ciki sai ya zama na tarihi. Tun muna 'yan mata ake kai mu bakin kogin nan, da tabarmarmu da kular shinkafa. Wa ya taɓa tuna wani Lugga?

Ɗan Neja: Tunda kun tsaya musu, ku maido mana abarmu. Da aka ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna, aka bar mana kufai, gadar ma ba a bar mana ba.

Auta: Turo tirela, Yaya.

Bakatsine: Duk kun bar babban laifin. Sunan wurin nan filin shaƙatawa na Janar Hassan Usman Katsina, gwamnan Arewa daga 1966 zuwa 1967, ɗan Sarki Nagogo. Amma kullum Gamji, Gamji.

Malam na Kabala: Gamji ɗan ƙwarai kake jin haushi? Sardauna fa!

Bakatsine: Wa ya ce maka don Sardauna aka sa? Gamji ai itace ne.

Auta: Hau adaidaita ka ce a kai ka filin Janar, ka ga inda za a sauke ka.

Bakatsine: Yaro, da manya nake magana.

Hajiyar Unguwar Rimi: Wai har yanzu ana iya shiga da abinci daga gida? Jikokina ke tambaya.

Shugaban zaure: To, dare ya yi, ga abin da aka tsayar. An yarda gada ta Kaduna ce, ba inda za ta. Sunan wuri Ƙofar Gamji, haka muka taso muka ji a nan Kabala. Malam ya kawo hujja, Bakatsine ya kawo son kai. Na rufe.

Ɗan Neja: Wa ya yarda?

Baban Halifa: Ni dai yaron nan har yanzu bai san sunan gadar ba.